Ƙarnin hannun Inna

Ni 'yar Yawuri ce, kuma 'yar mai banda. Na daɗe ban iya haɗa waɗannan maganganu biyu a gaban mutane ba. Ta farkon nake faɗa, in haɗiye ta biyun.

A Yelwa aka haife ni, ba nisa da bakin kogin Kwara. Manyanmu kan ba mu labarin yadda ruwa ya kumbura ya haɗiye gungu-gungu bayan an gama madatsar Kainji a 1968, aka tashi Gungawa da yawa daga tsibiransu aka ba su sababbin matsuguni a tudu. Mu dai a bakin wannan ruwan muka buɗe ido. Kafin gari ya waye Inna ta riga ta sauka inda kwale-kwalen Sarkawa masunta ke tsayawa, ta yi ciniki, ta dawo da daro cike a ka. Daga nan sai fashin ciki, wanki, lanƙwasa tarwaɗa a haɗa bakinta da wutsiya a soke da tsinke, a jera a kan raga, a hura wuta a ƙasa. Hayaƙin nan ba ya barin gidanmu. Yana cikin zanen gado, yana cikin littafin makaranta, yana cikin gashin kai.

Da na shiga makarantar kwana, ranar farko da na buɗe akwatina wata yarinya ta toshe hanci ta ce, “Wa ya shigo da kifi ɗakin nan?” Aka fashe da dariya. Daga ranar sunana ya koma 'Yar Kifi, har na gama. Abin da yaro ke ji a irin wannan lokaci babba ba zai gane ba. Na yi wa kaina alkawari, in Allah ya ba ni gidan kaina, ba za a taɓa jin ƙarni a cikinsa ba.

Allah kuwa ya ba ni. Na yi aure a Kano, mijina malamin makaranta ne, Bakano na cikin badala, wanda a wurinsa miyar da ba ta da nama ruwa ce kawai aka rina. In ya dawo da dare ba ya shigowa hannu rabbana: tsire, balangu, wani lokacin kilishi. Ni kuma na sake, na koyi girkin birni, suya a kan suya, dunƙule huɗu biyar a tukunya ɗaya. Inna takan aiko mini da kwalin banda ta hannun direbobin da ke zuwa Kano. Ina karɓa, in buɗe a tsakar gida, in rarraba wa maƙwabta tun kafin Malam ya dawo. Su yi ta sa mini albarka suna cewa ban da rowa. Ba kyauta ba ce, kunya ce. Sama da shekara goma ina haka, Inna ba ta sani ba. Allah ya yafe mini.

Wata rana da asuba na ji buta ta faɗi a bakin rariya. Na fito na tarar da Malam a tsugune, yana son ya ɗauke ta, hannun dama ya ƙi. Na ce, “Malam, lafiya?” Ya buɗe baki zai amsa, maganar ta fito a karkace, gefen bakin ya ja. Ban san lokacin da na ƙwala wa maƙwabcinmu kira ba. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, amma Allah ya taƙaita, kuma sa'ar da muka ci ita ce ba mu tsaya jiƙe-jiƙe a gida ba. Likita ya ce hawan jini ne ya daɗe yana cin sa bai sani ba. Ya ce awon jini in ya kai 140 bisa 90 ya zauna a nan, to an shiga hawan jini, na Malam kuwa ya wuce haka nesa ba kusa ba.

Ranar da za a sallame mu, wata ma'aikaciya mai kula da abincin marasa lafiya ta zaunar da ni. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma a cikin wannan lissafin har da na dunƙule, da na burodi, da na yajin tsire. Ta ce a rage jan nama da kitse da soye-soye, a yawaita ganye da wake, a ci kifi aƙalla sau biyu a mako, ɗaya daga ciki ya zama mai maiƙo. Ta ce magani kuma kullum, ko ya ji sauƙi ko bai ji ba.

Duk wannan bayanin, kalma ɗaya ce ta zauna mini: kifi. Abin da na gudo na bari a Yawuri shi ne ya biyo ni har gadon asibiti. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Na koma gida na fara abin da nake zaton daidai ne. In sayo kifin ƙanƙara, in cuɗe shi da gishiri da dunƙule uku, in tsoma a kasko cike da mai har ya yi ƙarau. Man nan ba na zubarwa, in tace in ajiye, gobe in sake, jibi in sake, har ya koma kalar shayi baƙi. Ran da babu kuɗin ɗanye, in buɗe na gwangwani in juye a taliya da mansa da ruwan gishirinsa. A zuciyata ina bin umarnin likita, tunda dai ba nama. Da muka koma asibiti aka auna, jinin bai sauka yadda ake so ba. Likita ya tambaya ko yana shan magani, na ce yana sha. Ya ce, “Me yake ci?” Na ce da ƙarfin gwiwa, “Kifi, likita, kusan kullum.” Ya ce, “Yaya kike dafa shi, Hajiya?” Ina cikin bayani na ga ya ajiye biro. Ya ce mini nama kawai na cire, amma gishirin da man duk suna nan, sun sake riga ne. Ya ce mafi yawan abin da ke cikin dunƙule gishiri ne, kuma kanwa ma dangin gishiri ce a wajen mai hawan jini. Rashin sani ya fi dare duhu. Na fito kaina a ƙasa.

Abin da ya ƙarasa karya ni ya faru bayan 'yan makonni. Da yamma liƙis na ga titus a tire a bakin hanya, mai shi yana neman ya rabu da shi, ya sakar mini da araha. Na lura jikinsa ya yi laushi, amma na ce ai wuta za ta kashe komai. Muna cikin ci 'yar farina ta ce, “Umma, kifin nan yana cizon harshe kamar barkono.” Ba a yi awa ɗaya ba fuskarta ta yi jawur, jiki ya hau ƙaiƙayi, ni ma kaina ya ɗau sara. Allah ya kiyaye Malam bai ci ba, azumin nafila ya sa ya tsaya a kan kunu. A asibiti aka gaya mana cewa titus da danginsa, in suka daɗe ba sanyi, wani sinadari da ake kira histamin yana taruwa a namansu, kuma suya ko dahuwa ba ta kashe shi. Araha ba ta ado. A daren nan na ɗauki waya na kira Inna, na yi kukan da ban yi a asibiti ba. Na gaya mata komai, har da maganar kwalayen banda.

Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ta ce, “To, ai maƙwabtanki sun ci. Ba a zubar ba.” Ta ƙara da cewa, “Jibi ina tafe.”

Inna ba ta taɓa kwana a gidana ba sai wannan karon, saboda kunyar suruki. Ta yi mako uku, amma ban ga ta ci abinci a gaban Malam ba, ban ji ta kama sunansa ba. In ya zo gaishe ta, ya durƙusa daga bakin ƙofa, ita kuma ta ja mayafi ta juya gefe, su gaisa a taƙaice. Duk saƙon da ke tsakaninsu ta kaina yake bi. Amma kashegarin zuwanta, tun da sassafe, ta ce, “Ke ɗiyar nan, tashi ki kai ni inda ake sayar da kifi a garin nan.”

Muka tafi kasuwar kifi ta Galadima. A nan na ga Innar da ban taɓa tsayawa na kalla ba. Tsohuwar da ke tafiya a hankali a cikin gida, tana shiga cikin 'yan kifi sai ta miƙe. Ba ta tambayar kuɗi sai ta gama da kifin. Ta ɗaga karfasa, ta nuna mini idon: ya zama a cike, garau, kamar yana kallonki, in ya faɗa ciki ko ya yi fari-fari kamar na mai yana, ya kwana. Ta sa ɗan yatsa ta ɗaga murfin kunnen, ta ce in leƙa jan abin nan da yake numfashi da shi. Ja ne mai haske, to na yau ne. In ya koma ruwan ƙasa ko toka-toka, ga yauƙi, a bar wa mai shi kayansa. Ta danna bayan kifin, naman ya dawo nan take. Ta danna wani, gurbin yatsan ya zauna. Ta shafa cikin, ta ce kifi ta ciki yake fara lalacewa, duk wanda tumbinsa ya kumbura ko ya fara fashewa ba na kai wa mara lafiya ba ne, ba na mai lafiya ba ma. Sannan ta kai hanci. Ta ce sabon kifi warin ruwa yake yi, ƙarnin nan mai ɗaga zuciya na wanda ya jima ne.

Wannan magana ta tsaya mini. Ashe abin da na tsana duk shekarun nan, har na haɗa da sana'ar uwata, warin kifin da aka wulaƙanta ne.

Wani mai kifi ya so ya yi mata wayo, ya yayyafa wa nasa ruwa yana cewa, “Baba, yanzun nan aka sauke daga Tiga.” Ta ɗaga kunnen ɗaya, ta mayar, ta ce, “Yaro, Allah ya ba da kasuwa.” Ya yi dariya ya ce, “Baba ta san hanya,” ya jawo wani daro daga ƙarƙashin tebur.

Tarwaɗa kuwa Inna ba ta sayen matacciya sam. Tana iya daɗewa a waje da ruwa domin tana shaƙar iska, saboda haka babu dalilin da zai sa a karɓi wadda ta mutu ba a san yaushe ba. A zaɓi mai motsi, a kashe a gabanki. Ta kuma nuna mini bambancin ta kogi da ta kiwo: ta kiwo, musamman manyan nan, in an fasa ciki za a ga kitse dam. Ba haramun ba ce, ba kuma cuta ba ce, amma a kwashe kitsen nan a zubar, kuma matsakaiciya ta fi ƙatuwa daɗi.

A hanyar dawowa ta riƙa jera mini su kamar tana kiran sunayen jikokinta. Ragon ruwa, mai laushin nama da ƙarancin ƙaya, shi ne na farfesun mara lafiya da tsoho. Giwan ruwa, wanda a Argungu akan fito da mai nauyin ƙaton mutum, namansa fari ne mai tauri, ba ya dagargajewa a miya. Kurungu, mai ƙashin kai da ƙayoyi uku masu kaifi, kada a raina shi, romonsa ya fi na kowa. Yauni na masu hali ne. Tsage da kawara akwai daɗi, amma ƙananan ƙayoyi sun yi musu yawa, ba a ba yaro, ba a ba wanda haɗiya ke yi wa wuya. Wannan na ƙarshen ya shafe mu kai tsaye, domin a lokacin Malam yana ƙwarewa in ya yi gaggawa, abin da ciwon ya bar masa. Na tuna yadda muna yara ake tsorata mu da minjirya mai girgiza mutum in ya taɓa ta, da gaiwa da ke binne kanta a busasshen laka ta jira damina. Duk na san su. Na dai rufe su ne a wani ɗaki na jefar da mabuɗin.

Inda ilimin Inna ya tsaya shi ne kifin ƙanƙara. Ita a ganinta kifin da ya mutu wata da watanni a ƙasar Turawa ba abinci ba ne. A nan na saɓa mata, kuma har yau ina kan bakana. Abin da aka bayyana mini a asibiti shi ne, man nan mai amfani ga zuciya da jijiyoyin jini, wanda ake kira omega-3, ya fi yawa a kifayen teku masu maiƙo irin su titus da shawa da sardin. Karfasa da tarwaɗa suna gina jiki, ba su da nauyin jan nama, amma ba su kai waɗancan yawan wannan man ba. Saboda haka ba a yar da ɗaya don ɗaya. Sharaɗin dai shi ne sanyin kada ya yanke. Yanzu titus sai daga shagon sanyi nake saye, da safe, yana ƙanƙare kamar dutse. In na ga kwalin ya jiƙe ya sake daskarewa, ko jini ya taru ya ƙanƙare a gindin leda, na san ya narke an mayar, ba na ɗauka. In na kawo gida ba na zuba masa ruwan zafi, ba na shanya shi a rana. A cikin leda nake sa shi a ruwan sanyi, yana saki in dafa. Da yake wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, na daina sayen na mako. Na yau, yau.

Sai girki. Darasin farko da Inna ta ba ni shi ne ta ɗauke kaskon suya ta kife shi a saman kanta, ta ce ya huta.

Farfesun da ta yi a ranar nan har yanzu shi nake kwaikwayo. Ta wanke ragon ruwa da lemun tsami. Tarwaɗa ce ake zuba wa ruwan zafi a kankare yauƙin, ko a goge da toka kamar yadda muke yi a gida, kuma ruwan zafin yana sa naman ya kama jikinsa. Ta daka ɗanyar citta da tafarnuwa da attaruhu biyu da albasa, ta daka masoro da kimba da gyaɗar miya daban, ta marmasa daddawar kalwa. Duk ta zuba a ruwa kaɗan, ta bar shi ya tafasa shi kaɗai har ƙamshi ya cika gida, kifin yana gefe yana jira. Ta ce kuskuren 'yan birni shi ne su sa kifi da ruwa lokaci ɗaya kamar naman sa, kafin kayan ƙamshi su nuna kifi ya zama kunu. Sai da romon ya haɗu ta jera gunduwoyin a ciki, ta rage wuta, ta rufe. Ba ta sa ludayi ba ko sau ɗaya, tukunyar take kamawa da tsumma ta girgiza. Minti goma sha biyar bai cika ba ta sauke, bayan ta duba naman ya yi fari har ƙashi yana ɓarewa da kansa. Ta watsa ɗoɗɗoya, ta matsa lemun tsami. Gishirin da ta sa, tsakanin yatsa biyu ne. Mai kuwa ko ɗigo.

Na kai wa Malam ina fargaba. Ya kurɓa, ya yi shiru, ya ce, “Gishiri bai ji ba.” Ya sake kurɓa. Bai ƙara magana ba sai da ya ga gindin kwanon, sannan ya ce, “Ki ce wa Inna Allah ya saka da alheri.” Na kai saƙo. Ta ce, “Ki ce masa harshe ɗan koyo ne.” Haka kuwa aka yi. Makonnin farko kullum da ƙorafi, har ya taɓa aiken auta a ɓoye ya ɗebo masa gishiri a takarda, na kama su. Bayan wata biyu, da aka kawo mana abincin suna daga maƙwabta, shi da kansa ya ture ya ce gishiri ya yi yawa.

Gashi shi ne ya maye masa gurbin tsire, kuma gaskiya ba don shi ba da ban san yadda za mu ƙare ba, domin mutumin da ya saba da ƙamshin wuta da dare ba a raba shi da shi da wa'azi. Karfasa nake tsagawa sau uku kowane gefe, in cusa dakakken citta da tafarnuwa da tattasai da ɗan ƙuli-ƙuli marar gishiri, in shafa mai cokali ɗaya, in bar shi rabin awa. Gawayi sai ya ruru ya kwanta, ya yi farin toka a sama, sannan a ɗora. Harshen wuta ba ya taɓa kifi, kuma inda ya ƙone ya yi baƙi a kankare, ba a ci. Titus ko man ba ya buƙata, nasa ya ishe shi har yana ɗiga. A yanka kabeji da tumatir da albasa da yawa a gefe. Wata rana kuma in turara shi a madambaci a kan ganyen zogale, in zare ƙayar, in marmasa a cikin dambu ko faten wake. Yaran da ke gudun zogale ta nan na kama su.

Banda ce muka fi daɗewa a kanta, don nan ne gidan Inna. Ta ce banda mai kyau launinta ja-ja ne mai sheƙi, ba baƙi ƙirin ba. Baƙin nan alamar an yi gaggawa ne, wuta ta yi yawa, ko an hura da abin da bai kamata ba. A karya a gani: in gari na zuba daga ciki, ƙwari sun riga ki. In akwai fumfuna, ko kaɗan ce, a bari. Sannan ta rage murya, kamar mai tona asirin dangi, ta ce akwai marasa tsoron Allah a cikin sana'ar da ke fesa wa busasshen kifi fiya-fiya don kada ƙwari su ci, kamar yadda wasu ke zuba guba a ruwa su kwashi kifi babba da yaro. Ita alamarta ita ce hanci, da kuma ƙuda: tarin kifi a buɗe a kasuwa, a ce ko ƙuda ɗaya bai sauka ba alhali na maƙwabcinsa ana kora, to da walakin. Jiƙa banda a ruwan zafi yana fitar da yashi da ƙwari da wani abu na gishiri, amma ba ya wanke guba. Maganin kawai a san hannun da aka saya. A da bandar Baga, garin masunta na bakin tafkin Chadi, ce ta cika kasuwannin Arewa har Kudu, rikicin Boko Haram ya zo ya daƙile wannan hanya shekaru, kaya ya yi tsada, kuma duk inda kaya ya yi tsada algus ba ya nisa.

Akwai kuma ƙananan kifin nan na tafkinmu da muke kira warangi, waɗanda ake shanyawa a rana. Muna yara abincin talaka ne, ba a kai wa baƙo. Yanzu na san cewa da yake da ƙashinsu da kansu ake cinye su, suna ba jiki sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Nakan wanke, in ɗan gasa a busasshen kasko, in daka, in ajiye a kwalba. Cokali biyu a miyar kuka ko kuɓewa, tare da daddawa, ba mai tambayar ina dunƙule. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya tashi, akwai makon da ɗanyen kifi ya fi ƙarfinmu; wannan garin da wake su suka rufa mana asiri. Ƙanwata da ta samu juna biyu ma shi na aika mata, da titus da karfasa, don an gaya mata a awo cewa manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu sun fi tara sinadarin makuri mai guba a jiki, mai ciki ta fi son ƙanana da matsakaita.

Ba a rasa rigima ba. Hajiya, mahaifiyar Malam, ta zo ta tarar ya ci gasasshen kifi ya bi da fura da nono marar sukari. Ta dafe ƙirji ta ce, “Yanzu ke da hankalinki za ki haɗa masa kifi da nono? Ciwo ɗaya bai ishe ku ba, sai kin jawo masa na fata?” Na ce, “Ki yi haƙuri, Hajiya, ba za a sake ba.” Na san babu wata hujja a likitance da ta tabbatar da maganar cewa kifi da nono na kawo kuturta, ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma mu a Yawuri da Fulani muke zaune, mun ci mun sha ba abin da ya same mu. Amma ba a gardama da uwar miji a kan ɗanta. Duk ran da take gidan, nono sai da safe, kifi sai da dare.

Kada wata ta karanta wannan ta ce kifi ya warkar da mijina. Bai warkar da shi ba. Malam yana shan maganinsa kowace safiya, yana taka ƙafa zuwa masallaci mai nisa da gangan, muna da na'urar awon jini a gida, kuma hannun damansa har yau bai koma kamar da ba, alli yakan suɓuce masa a aji. Abin da zan iya shaida shi ne, da magani da canjin tukunya suka haɗu, awon ya sauko ya zauna inda likita ke so, tumbin ya ragu, kuma Allah bai sake jarraba mu da irin waccan asubar ba. Nama bai bar gidanmu ba, ana ci ranar Juma'a da Sallah, kaɗan, a yanke kitsen. Kaskon suya ma yakan sauko wani lokaci, da sabon mai, don yara.

Ranar da Inna za ta koma, Malam ya raka mu tasha, yana tafe a baya da 'yar tazara kamar yadda ya kamata. Da ta shiga mota ya kira ni gefe ya ce, “Ki tambaye ta, in ba takura, ko za a riƙa aiko mana da bandar nan. Wadda ba a sa wa gishiri ba.” Na leƙa ta taga na faɗa mata. Ba ta dube shi ba, ba ta dube ni ba, tana ta gyaran bakin mayafi. Ta ce, “Ki ce masa sai ruwa ya ja, yanzu kurungu bai yi ƙiba ba.”

Kwalin ya iso bayan wata biyu, an ɗaure shi da igiyar leda, an rubuta sunana a karkace da hannun wani yaron maƙwabta. Na buɗe shi a tsakiyar falo. Maƙwabciyata ta jiyo ƙamshin ta leƙo tana murmushi, ta saba. Na zaɓi tarwaɗa biyu na ba ta, na ce ta yi haƙuri da wannan, sauran na mai gidan ne.